Babban Tela da Kwamfutar da Ke Jan Ƙafa

Babban Tela shi ne sunan da duk layin masu ɗinki suka san shi da shi, kuma wata mai gyaran kwamfuta da ake kira Injiniya ta fara haɗuwa da shi ne a daminar shekarar 2015, ranar da aka kira ta ta haɗa kwamfuta da sabon injin surfani a shagon ƙanensa. Ta iske dattijo siriri, tef ɗin awo rataye a wuyansa, yana tsaye nesa da kwalayen da aka sauke, yana kallonsu kamar baƙin da ba a sanar da shi zuwansu ba. Ita a lokacin tana da ɗan shagonta na gyaran kwamfuta a ƙarƙashin matakalar wani bene, a ƙarshen layin masu sayar da wayar hannu, kuma ta saba da dattawan da ke tsayawa daga nesa su yi kallo. Wannan bai daɗe a tsaye ba. Kafin ta gama jona wayoyin ya jawo kujera ya zauna a gefenta, ya ce ta riƙa yi a hankali, yana son ya gani.

Teloli biyu ne a shagon. Babban shi ne yaya, Ƙaramin shi ne ƙane, ko da yake Ƙaramin ya ninka yayansa a jiki, kuma shagon da kekunan da ma'aikatan duk nasa ne. Mahaifinsu ya rasu ƙanen yana rarrafe. Yayan ne ya riƙe shi, ya ɗora ƙafarsa a kan keke, ya koya masa yanka da kalmasa, ya kuma sha warware aikinsa, domin Ƙaramin bai taɓa iya saka hannun riga ya zauna daidai ba. Abin da Allah ya ba shi baki ne. Ya san yadda ake shiga ofishin shugaban makaranta da gaisuwa a fito da kwangilar yunifom. Babban kuwa hannu aka ba shi, ba a haɗa masa da baki ba. Yakan gaya wa mai kaya cewa yadin da ya zaɓa bai dace da jikinsa ba, kuma gaskiya ne, kuma mai kayan ba ya dawowa. Da tafiya ta yi nisa, yayan ya rufe nasa shagon ya koma na ƙanen, aka ba shi teburin da ke bakin taga, duk wani aikin surfani ya zama nasa.

Shekarun da suka biyo baya suka fara karɓe abin da aka ba shi. Ido ya daina ganin kafar allura, hannun dama ya kama rawa, zare ya fara kauce wa layin alli. Matarsa ta rasu. 'Yarsa tilo, ma'aikaciyar jinya, tana aure a wani gari mai nisa, gidansa ya koma ɗaki da gado da rediyo. Ƙaramin ya sayo injin ne da niyyar ɗaukar wanda ya yi karatu ya zaunar a gabansa, yayan kuma ya je ya huta. Kujerar da Babban ya jawo ranar nan ita ta rushe wannan tsari.

Rubutun da ke kan allon kwamfutar bai iya karanta shi ba sai kaɗan. Ya koye ta yadda ya koyi ɗinki: ya kalli hannun mai yi, ya maimaita, ya ƙi tsallake mataki ko ɗaya. Injiniya ta yi ta zuwa tana nuna masa, har ya haddace mazaunin kowane abu. Maus yakan riƙe shi da hannu biyu, hagu na danne dama don kada ta yi rawa. Ma'aikatan shagon sun yi dariya a makon farko, daga baya suka daina. Shekara biyu yana fitar da tambarin makarantu, da sunayen masu gadi a aljihun riga, da furannin mayafi, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Shi ke buɗe shago, shi ke goge allon da ƙyalle mai laushi. Mutum ne da ba ya son ganin abu tsirara: kekunan ɗinki duk ya yi musu sutura, rediyo na da tata, dutsen guga ma haka.

A shekara ta uku, cikin zafi, kwamfutar ta fara jan ƙafa. Lokaci guda abin ya zo. Da safe takan tashi garau, a yi aiki lafiya. Rana na ɗagawa sai ta fara tunani kafin ta amsa. A danna abu, a je a sha ruwa a dawo, ba ta buɗe ba. Zuwa azahar zane ɗaya sai ya cinye lokacin da a da ake yin goma, injin surfanin na tsaye yana jira, kwangilar bajon wata makaranta kuma na kan teburi, ga hutu ya kusa ƙarewa.

Babban ya naɗe akwatin kwamfutar a zanen gado, ya hau bayan babur da ita a cinya, ya kai wa Injiniya. Ta kunna, kwamfuta ta tashi kamar ba ita ba. Ta tambaye shi ko an canza mata wani abu a 'yan kwanakin nan, ya ce ko kusa, yadda ta bar ta haka take. Injiniya ta bi hanyar da ta saba. Ta duba manhajojin da ke tashi tare da kwamfutar, ta kashe waɗanda ba su da amfani. Ta ga rumbun ajiya ya kusa cika da tsofaffin zane, ta kwashe su zuwa wani wuri. Ta bincika ko akwai bairos, cutar da ke kama kwamfuta, tunda masu kawo aiki da filash suke zuwa, ta sami ɗan ƙarami ta cire. Ta ce ya je ya gwada. Ya sake naɗe ta ya tafi da murna.

Washegari da rana ciwon ya dawo yadda yake.

Zuwa na biyu da Ƙaramin aka zo, a motarsa. Ya cika ɗan shagon da jiki da ƙamshin turare, ya tsaya yana kaɗa makulli. Wannan karon Injiniya ta zurfafa. Ta gwada ram, ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita, ta gwada lafiyar rumbun, duk ƙalau. Ta yi zargin zafi, ta buɗe akwatin ta hure ƙurar da ke ciki, ta ga fanka na juyawa daidai. Ta tambayi Babban ko kwamfutar na zaune a inda rana ke dukanta, ya ce a inuwa take, ƙarƙashin teburi, kuma ya fi kula da ita fiye da yadda yake kula da kansa. Ta ce su bar ta ta wuni. Ta buɗe mata zanen da ya fi kowanne nauyi, ta bar ta tana aiki daga safe har la'asar. Ko tuntuɓe ba ta yi ba.

Da suka dawo ɗauka ta gaya musu abin da ta gani, domin ita ba ta iya ƙirƙiro ciwon da ba ta samu ba. Ƙaramin ya saurara yana gyaɗa kai, irin na wanda aka tabbatar masa da abin da ya daɗe da sani.

"Yaya, ka ji da kunnenka," in ji shi. "A nan lafiyarta lau. A can ma da safe lafiyarta lau. Sai ka wuni a kanta take kwantawa. Ni ban ce komai ba, amma abin da ya rage a duba shi ne wanda ke kan kujera."

Babban ya ɗauki zanen gadon yana ninkewa, gefe kan gefe.

A hanyar fita Ƙaramin ya ja Injiniya gefe, ya yi mata bayani da muryar da yake shiga ofisoshi da ita. Ya ce shi ba butulu ba ne, ya san wanda ya riƙe shi. Amma tsufa tsufa ne, hannu na rawa, mutum na danna abin da bai sani ba. Ƙanin matarsa ya gama kwas ɗin kwamfuta, yana zaune a gida, a shirye yake. Yayansa ba zai rasa ci da sha ba har ƙarshen rayuwarsa, kujerar kawai ake bukata. Injiniya ta ce ita dai gyara ta sani. A ranta kuwa ba ta ga wata kafa a maganarsa ba. Ta sha ganin kwamfutocin da babu abin da ke damunsu sai masu su.

Bayan 'yan kwanaki Babban ya zo shi kaɗai, ba kwamfuta, ba zanen gado. Ya gaishe ta, ya zauna a kan bencin da masu jira ke zama, ya daɗe yana kallon tulin tsofaffin allunan da ke jingine a bango. Sannan ya ce an gaya masa daga farkon mako mai zuwa ya zauna a gida. Bai zo roƙo ba, kuma ba ya son ta yi wa kowa magana. Abu ɗaya yake so.

"'Yata, ki nuna mini abin da nake dannawa da ba daidai ba. In na san shi, zan tafi gida da sani. Zama a ɗaki ba tare da na san laifina ba shi ne ba zan iya ba."

Ta zaunar da shi a gaban tata kwamfutar, wadda ke da manhajar surfani irin tasa, ta ce ya yi duk abin da yake yi tun daga buɗe shago. Ya ɗora hagu a kan dama, ya fara. Ya buɗe, ya zaɓi zane, ya daidaita girma, ya jera launukan zare, ya adana, ya rufe abin da ya gama da shi kafin ya buɗe wani. Ta tsaya a bayansa tana neman kuskure, ba ta samu ba. Yadda ta koya masa shekara biyu da suka wuce haka yake yi, bai ƙara ba, bai rage ba. Kwamfutar lafiya, mai kwamfutar lafiya. Abin da ba ta gani da idonta ba shi ne inda suke haɗuwa. Ta ce gobe da azahar, lokacin da ciwon ke tashi, za ta zo, kada ya taɓa komai.

Ta daɗe ba ta shiga shagon ba, kuma ya canza. Ƙaramin ya karɓi kwangilar matasan kai na wani masauki, an ware rabin shagon ana ɗura auduga. Burbushinta na yawo a iska, ya sauka a kan gashin ma'aikata da kan zare da kan komai. Kekuna na gudu, janareta na ruri a bayan shago, sai an ɗaga murya ake jin juna. Babban na kan kujerarsa, allon na gabansa, alamar jira na ta juyawa. Ƙaramin na tsaye a bakin ƙofa.

Injiniya ta leƙa ƙarƙashin teburi tana neman akwatin, ba ta gan shi ba. Abin da ta gani wata jaka ce mai kusurwa huɗu, ta yadi mai kauri ruwan toka, an zagaye gefunanta da baƙin zare. Wayoyi na fitowa daga bayanta, kowace da ramin da aka yi mata daidai kaurinta, an kuma bi bakin ramin da ɗinki irin na ramin maɓalli. Ta ɗora tafin hannu a kai, ta ɗauke da sauri. Ta lalubo zif a baya ta zuge. Zafi ya bugi fuskarta, ƙarar fankar da ke ihu a ciki ta fito fili. Rigar na da shafi, tsakanin yadin da shafin kuma an shimfiɗa soso. Babu ƙofa ko ɗaya da aka bari, gaba da baya da gefe.

Ta zare rigar gaba ɗaya, ta juyo da fankar shago ta saita ta a kan akwatin. Suka tsaya suna kallo. Ba a jima ba ihun ya lafa, zanen da ke maƙale ya buɗe. Babban ya danna na biyu, ya buɗe nan take.

Ta tambaye shi yaushe ya ɗinka. Ya ce makon da aka fara audugar nan. Ya ga burbushin na taruwa a ramukan akwatin, tana shaƙa yana shiga, shi kuwa ya san abin da auduga ke yi wa cikin keke. Ya auna ta, ya yanka, ya saka soso don ko an buge ta da ƙafa kada ta ji. Da ta tambaye shi a baya ko an canza wani abu, ko a ransa bai kawo rigar ba, domin a wurinsa rufe inji kamar sharar shago ne, ba a lissafa shi cikin canji. Ta ce to me ya hana shi kawo ta da rigar.

"Kada ki ji haushi, 'yata," in ji shi. "Shagonki maiƙo ne da ƙura. Zan kai yadi irin wannan can? Cirewa nake yi in ninke, in ta dawo in mayar mata."

Ɗaya daga cikin masu ɗura auduga ta toshe baki da gyale. Injiniya ta yi masa bayani a taƙaice. Keke ana rufe shi ne in ya gama aiki. Kwamfuta kuwa tana aiki tana fitar da zafi, ramukan nan ta nan take numfashi. In zafin ya rasa hanya, sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Da safe a sanyaye take, shi ya sa take gudu, zuwa rana ta dahu.

Ƙaramin ya matso. "To, Yaya, ai maganata ce ta fito. Kai ne."

Babban ya ɗauki rigar daga ƙasa, ya kakkaɓe ta, ya shimfiɗa a cinyarsa.

"Ni ne, ni na ɗinka," in ji shi. "Amma kai cewa ka yi ban iya kwamfuta ba, ina danna abin da ban sani ba. Wannan ba a can na yi kuskure ba. A ɗinki na yi shi, na yi wa mai numfashi riga ban bar masa wuya ba. In a kan ɗinki za ka sallame ni, Ƙarami, sai ka faɗa a gaban mutanen nan."

Kekunan da ke kusa suka tsaya. Ƙaramin ya juya wurin Injiniya kamar mai neman shaida. Ta faɗi abin da ta sani ba tare da ta karkata ba. Ta ce rigar ce ta jawo nauyin, babu shakka, da an ƙara wata guda a haka da wani abu ya ƙone. Ta ce kuma ta bincike kwamfutar ciki da waje ba ta ga abu ɗaya da hannun Baba ya ɓata ba. Tsoronsa ma yana kan hanya, domin audugar nan in aka bar ta tana shiga, ita ma za ta toshe fankar, ko wane ne a kan kujera. Shawararta a raba wurin auduga da wurin injin.

Ƙaramin ya kalli ma'aikatansa, ya kalli tulin bajon da ke jira, ya kaɗa makullinsa. Ya ce a gama aikin makarantar nan tukuna, sauran magana sai daga baya. Ya fita ya shiga mota.

Injiniya ta so a bar akwatin haka nan, Babban ya ce ba a shagon da yake ba. Ya miƙa mata alli ya ce ta nuna masa duk inda take numfashi. Ta zana masa gaba da baya da gefe ɗaya. Ya farke shafin ya fitar da soson, ya yanke tagogi uku masu faɗi, ya sa ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ɗinke su da yankin gidan sauro yana tsaye a kansa. Ta ce sharaɗi shi ne a riƙa kakkaɓe ragar kullum. Ta zauna har la'asar tana duba zafin, bai wuce ƙa'ida ba. Kafin mako ya ƙare an rataye labule mai kauri tsakanin masu auduga da injin, bajon makaranta kuma ya fita kafin a koma karatu.

Maganar da aka ce sai daga baya ba a taɓa yin ta ba. Farkon mako ya zo, Babban ya buɗe shago ya zauna a kujerarsa, babu wanda ya ce masa tashi. Ƙaramin bai ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba. Ƙanin matar aka ba shi aikin kai kaya da karɓo zane daga masu kwangila. 'Yan'uwan suka ci gaba da gaisawa da safe yadda suka saba, ba ƙari, ba ragi.

Ya ƙara kusan shekara uku a kan kujerar. Injiniya takan gan shi jefi-jefi, in an kira ta sabunta manhaja ko canza wani abu da ya tsufa. A shekarar ƙarshe idon ya ƙara ja da baya, har ya fara kasa bambanta shuɗi da baƙi a kan allo. Ranar da ya fitar da tambari da zaren da ba shi ba, bai jira kowa ya lura ba. Ya warware shi da kansa, ya kira ƙanin matar ya zaunar da shi a gefensa, ya ɗauki watanni yana nuna masa wane yadi ke ɗaukar ɗinki mai yawa, wane ne ke tattarewa. Da ya gamsu, ya gaya wa Ƙaramin cewa zai tafi wurin 'yarsa, ta daɗe tana kira, akwai likitan ido a inda take aiki. Ƙaramin ya ce ai da ya ƙara ko shekara guda. Babban ya ce ya riga ya yanke.

Kafin tafiyar ya biya ta shagon Injiniya da wata wayar hannu da 'yar ta aiko masa, ya ce ta ƙara masa girman rubutun, ta kuma sa lambar 'yar a inda zai same ta da dannawa ɗaya. Ta yi masa, ya gwada sau biyu a gabanta. Ya tambayi lafiyar mahaifiyarta da yaranta, ya yi mata addu'a, ta raka shi bakin titi ta tsayar masa da babur. Wannan ita ce haɗuwarsu ta ƙarshe, ranar Talata, tara ga watan Maris, 2021.